Kullum labarin girgizar ƙasa da ambaliya: ta ina kuke samo ƙarfin zuciya?

Maman Sadiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da damuwar da nake so a taya ni dubawa. Kwanakin nan duk sanda na ɗauki waya, in ba ambaliya ba ce to girgizar ƙasa ce, in ba ita ba guguwa ko gobarar daji. A da idan na ga irin wannan sai in yi salati, hawaye su zubo, in ɗaga hannu. Yanzu kuwa wani lokaci zuciyata kan bushe, in wuce hoton gawawwaki kamar ban ga komai ba. Wani lokaci kuma tsoro ya lulluɓe ni, in kasa barci, in yi ta tashi ina leƙa yara. Ko addu'ar ma sai in ji bakina ne kawai ke motsi. Ku da kuke ganin abin da nake gani, ta ina kuke samo ƙarfin zuciya? Me kuke cewa idan kun ɗaga hannu?

Abu Huzaifa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, tsoron nan da kike ji alheri ne, kada ki so ya tafi. Allah ya gaya mana a Suratur Rum cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Mutanen Annabi Nuhu da ruwa aka tafi da su, Adawa da iska, Ƙaruna ƙasa ce ta haɗiye shi. Duniya ta cika da saɓo, shi ya sa ƙasa ke girgiza. Magani dai istigfari ne, mu koma ga Allah tun kafin ta iso kanmu.

Ummu Yasir: Astagfirullah wa atubu ilaihi. Amma ɗan'uwa, waɗanda gini ya danne a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 sun fi mu saɓo ke nan? Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na dare abin ya zo, cikin tsananin hunturu, kowa na barci. Sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai. Har gobe ba na manta hoton wani uba da ke zaune a kan ɓaraguzai, cikin jibgegiyar rigar sanyi, ya miƙa hannu ta ƙarƙashin kankare yana riƙe da hannun 'yarsa. Ta riga ta cika, ita tana kan katifarta, shi kuma ya ƙi sakin hannun. Wane ne a cikinmu zai iya tsayawa gaban mutumin nan ya ce masa zunubinsu ne?

Malam Isa: Allah ya saka wa kowa da alheri. Abu Huzaifa, kiran da ka yi zuwa ga istigfari babu mai ja da shi. Inda nake so mu yi hattara shi ne wurin yanke hukunci a kan waɗanda abin ya faɗa wa. Mutanen Nuhu da Adawa, Allah ne da kansa ya ba mu labarin laifinsu, bayan an aiko musu manzo sun ƙaryata shi. Wahayi kuwa ya yanke. To wa ya gaya mana cewa mutanen gari kaza azaba aka saukar musu?

Abin da muke da shi a hannu shi ne hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya lissafo shahidai biyar: wanda annoba ta kashe, da wanda ciwon ciki ya kashe, da wanda ruwa ya ci, da wanda gini ya faɗa wa, da wanda aka kashe a tafarkin Allah. Ku duba da kyau, biyu daga cikin biyar ɗin nan su ne muke kallo a wayoyinmu kullum. Sannan annobar Amwas da ta auku a Sham zamanin Sayyidina Umar, su wa ta ɗauka? Abu Ubaida bin Jarrah, wanda aka yi wa bushara da Aljanna tun yana raye, da Mu'azu bin Jabal. Masifa kan zama gargaɗi ga wanda ya ji labari, ta zama kaffara ko ɗaukaka ga wanda ta sama. Mai rai ya ɗauki gargaɗin ya auna kansa da shi, ya bar matattu da Ubangijinsu.

Rifkatu: Sannunku da tattaunawa. Ni Kirista ce, kuma maganar Malam ta tuna mini da abin da muke karantawa a Luka sura 13. Wata hasumiya ta faɗa wa mutum 18 a Siluwam ta kashe su, Yesu ya tambayi jama'a ko suna tsammanin waɗannan sun fi sauran mazaunan Urushalima laifi. Ya ce a'a, sannan ya juyo kan masu sauraronsa ya ce su tuba. Maman Sadiya, ni idan labari ya yi mini nauyi Zabura 46 nake buɗewa, wadda ke cewa Allah ne mafakarmu da ƙarfinmu, ba za mu ji tsoro ba ko da duwatsu sun faɗa tsakiyar teku. Wani lokaci ina karantawa ina jin tsoron nan daram. Sai in ci gaba da karantawa har ya lafa.

Injiniya Bala: Bari in shigo ta ɓangaren sana'ata, don ni a nan nake samun nawa ƙarfin zuciyar. A Janairun 2010 girgiza mai maki 7.0 ta auka wa Haiti, gwamnatin ƙasar ta ce waɗanda suka mutu sun haura 200,000. A ƙarshen Fabrairun shekarar, ko wata biyu ba a yi ba, wata mai maki 8.8 ta auka wa Chile. A ma'aunin nan kowane maki ɗaya ninkin ƙarfi ne kusan sau 32, wato ta Chile ta ninka ta Haiti kusan sau 500. Amma waɗanda suka mutu a Chile 500 ne da 'yan kai. Gaskiya ne ta Haiti ta faru dab da babban birni kuma ba ta da zurfi, wannan ya ƙara ɓarna. Sai dai babban bambancin yana cikin ginin. Chile ta sha girgiza mai maki 9.5 a 1960, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, ta kuma tsaurara dokar gini: yawan rodi, yadda ake ɗaure shi a mahaɗar ginshiƙi da bene, ingancin kankare, binciken ƙasa kafin a haƙa tushe. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a girgiza rufin da ke kansu ne ke kashe su.

Derna ta Libiya ma haka. Ruwan guguwar Daniel ne ya sauka a Satumban 2023, amma abin da ya share unguwanni ya kai su teku cikin dare madatsun ruwa biyu ne da suka fashe. Tun shekarun 1970 aka gina su, an daɗe da sanin suna buƙatar gyara, masana sun yi gargaɗi a rubuce. Don haka ayar da Abu Huzaifa ya kawo ni ma ina karanta ta, sai dai ina ganin rage rodi da cinye kuɗin gyara suna cikin abin da hannayen mutane suka aikata. Kuma sau da yawa wanda ya yi ha'incin yana can lafiya lau, talakan da ya kama haya ne ke ƙarƙashin ginin.

Abu Huzaifa: Injiniya, kada mu wuce gona da iri. Kana so ka ce siminti da rodi ne ke hana ajali? Wanda kwanansa ya ƙare ko a cikin ganuwar ƙarfe yake sai ya tafi.

Injiniya Bala: A'uzu billahi, ban ce haka ba. Ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma a wannan annobar ta Amwas da Malam ya ambata, da Sayyidina Umar ya ji labari a kan hanyarsa ta zuwa Sham sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah zai yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Annabi Yusuf ma da ya san fari na tafe, hatsi ya sa aka adana a zangarniyarsa shekara bakwai. Rodin ma Allah ne ya halicci ƙarfensa, ya kuma ba mu hankalin lissafa shi.

Nas Hadiza: Ni dai ga Maman Sadiya zan koma, don na ga muhawara na neman ta wuce da tambayarta. Yaya, bushewar zuciyar nan ba alamar raunin imani ba ce. Mu da muke aiki da marasa lafiya mun san ta. Zuciya idan aka yi ta loda mata abin da ba ta da ikon yin komai a kai, sai ta rufe ƙofa don ta tsira. Kakanninmu labarin masifa ɗaya suke ji, su yi jimami, su yi ta'aziyya, ya wuce kafin wani ya zo. Mu kuwa cikin minti goma za ki ga gawar yaro a wata nahiya, gida na tafiya a kan ruwa a wata, sannan tallan takalmi a tsakani.

Shawarata ita ce ki tsayar wa labarai lokaci ɗaya a yini, kuma kada ya zama bayan isha'i. Ki karanta rubutu ko ki saurari rediyo, ki bar bidiyon. Sanin abin da ya faru ba ya buƙatar ki kalli fuskar mamaci. Idan rashin barcin ya ɗore makonni, ko ya fara hana ki cin abinci da aikin gida, ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Ummu Yasir: Allah ya yi miki albarka Nas. Kuma don Allah masu turo bidiyon gawawwaki da "rubuta amin kada ka wuce" su ji tsoron Allah. Gawar nan 'yar wani ce, mahaifin wani ne. Da namu ne za mu so a yi ta yawo da shi tsirara cikin laka? Wasu bidiyon ma na shekarun baya ne, na wata ƙasa daban, a liƙa musu sabon suna.

Sadiƙ: Ku yi haƙuri iyayena da yayyena, ni yaro ne a cikinku, amma akwai abin da ke cina. Babba dai a ce jarrabawa ce ko kaffara. Jariri fa? A Jindires ta Siriya an ciro jaririya daga ƙarƙashin gini, cibiyarta na haɗe da mahaifiyarta wadda ta riga ta rasu. Kowa na ta cewa ikon Allah, ni kuma tambayar da ta zo mini ita ce, sauran jariran da ba a ciro da rai ba fa? Ina jin tsoron tambayar nan ta zama saɓo, shi ya sa ban taɓa yi wa kowa ita ba.

Malam Isa: Sadiƙ, zo kusa ɗana. Tambayarka ba saɓo ba ce, ta mai tausayi ce. Ba zan ce maka ga hikimar mutuwar jariri kaza ba, domin ba a ba ɗan Adam wannan ilimin ba. Annabi Musa, Kalimullahi guda, da ya ga an kashe yaro a gabansa a ƙissar Suratul Kahfi, kasa haƙuri ya yi, sai da aka buɗe masa abin da ke ɓoye. Mu ba a buɗe mana ba, an dai ba mu ƙissar don mu san akwai abin da ke bayan labule.

Abin da aka ba mu tabbacinsa shi ne, yaron da bai balaga ba alƙalami bai hau kansa ba, kuma Allah ba ya zaluntar kowa daidai da ƙwayar zarra. Sannan ba a hana mu kuka ba. Ranar da ɗansa Ibrahim ke cikawa a hannunsa, Annabi (SAW) hawaye ya zubar, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya ce Allah kaɗai yake kai wa ƙarar baƙin cikinsa. A aya ta gaba kuma shi ne ke ce wa 'ya'yansa su tafi neman Yusuf, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ka ɗauki tambayar nan taka yadda take, ka kai ta cikin sujada. Ba sai ka gyara ta ba.

Sadiƙ: Na gode Malam. Allah ya ƙara lafiya. Zan yi.

Malama Zainab: Ni darasin labarin ƙasa nake koyarwa, kuma abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, kafafen labarai ranar masifa suke zuwa, ba sa dawowa bayan shekara ashirin su ga abin da aka yi. Ku dubi Bangladesh. A 1970, tana Gabashin Pakistan a lokacin, guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000. A 1991 wata ta kashe kusan 140,000. A 2007 guguwar Sidr ta kashe 3,000 da ɗoriya. A 2020 da Amphan ta taso, sai da aka kwashe mutum sama da miliyan 2 kafin ta sauka, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 50 ba. Ƙasar nan ba mai arziki ba ce, teku kuma bai ja da baya ba. Mafaka suka gina a kan dogayen ginshiƙai, da yawansu makarantu ne a ranakun lafiya. Dubban 'yan sa-kai kuma na bi ƙauye-ƙauye a kan keke da lasifika a hannu, lasifikokin masallatai ma da su ake shela.

Akwai kuma tsibirin Simeulue na Indonesiya, dab da inda girgizar 26 ga Disamban 2004 ta faru. Igiyar tsunami ta kashe kimanin mutum 230,000 a ƙasashen da ke kewaye da Tekun Indiya, amma a tsibirin nan mai mutum fiye da 70,000 waɗanda suka mutu ba su kai 10 ba. Dalili kuwa, teku ya taɓa cinye kakanninsu a 1907, waɗanda suka tsira suka mayar da abin waƙa da labarin da ake ba yara: idan ƙasa ta girgiza, ruwa ya janye daga gaɓa, kada ka tsaya tsintar kifi, ka gudu tudu. Kusan shekara ɗari tsofaffi na maimaita wannan ga jikoki, har ranar da aka buƙace shi.

Baba Alhaji: Madalla da wannan, Malama. Ni a rediyo na bi labarin na 2004, kullum adadi na ƙaruwa har na daina ƙirgawa. Abin da ya tsaya mini shi ne yankin Aceh na Indonesiya, inda abin ya fi muni. Kusan shekara 30 suna yaƙi da gwamnati kafin ruwan ya zo. Wata takwas bayansa, a Agustan 2005, aka sa hannu a kan sulhu a Helsinki, kuma sulhun ya ɗore. Ban ce ran mutum ɗaya ya cancanci a biya da shi ba, amma na ga yadda Allah ke fitar da rayayye daga matacce. Na kuma ga hoton masallatan da suka tsaya cak, ko'ina kewaye da su an share.

Malam Isa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Maganar sulhun nan abin godiya ce. Ta masallatan ce nake roƙon ku ba ni dama in ɗan yi gyara. Gaskiya ne sun tsaya, mutane da dama ma a cikinsu suka tsira. Amma a girgizar Maroko ta Satumban 2023 masallacin Tinmal, mai shekara sama da 800, ya rushe, haka tsohon masallacin Habibun Najjar a Antakya ta Turkiyya, a girgizar Fabrairun shekarar. Idan muka koya wa yaranmu cewa tsayuwar masallaci ita ce hujjar imani, ranar da suka ga wanda ya faɗi me za mu ce musu? Ranar rasuwar Ibrahim rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne. Annabi (SAW) yana cikin makoki, amma bai bar maganar ta zauna ba. Ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan an gani a yi salla, a yi addu'a, a yi sadaka.

Baba Alhaji: Haka ne Malam, Allah ya ƙara sani. A Marokon ma na ga mutane sun yi dogon layi a Marrakesh suna ba da jini tun washegari. Wannan ma sadaka ce.

Maman Sadiya: Ina ta karantawa, Allah ya biya ku duka. Nas, zan gwada ajiye wayar da dare. Allah gafarta Malam, a taimaka mini da lafazin addu'o'in da suka tabbata, masu sauƙin riƙewa, in koya wa yara su ma.

Malam Isa: To Hajiya. Idan labarin rasuwa ya iso ki, Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sannan ki roƙa musu gafara da rahama da harshenki na Hausa, ki ambaci sunan garin. Ambaton sunan na sa zuciya ta halarto. Idan ruwa ya yi yawa har ana tsoron ɓarna, "Allahumma hawalaina wa la alaina", wato ya Allah a kewayenmu, ba a kanmu ba. Wannan a kan mumbari Annabi (SAW) ya yi ta, bayan an yi mako ana ruwa a Madina, wani ya miƙe ana huɗuba ya ce dukiya ta halaka, hanyoyi sun yanke. Idan iska ta taso da ƙarfi, ki roƙi Allah alherinta da alherin abin da ke cikinta da alherin abin da aka aiko ta da shi, ki nemi tsari daga sharrin waɗannan ukun, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito. Idan kuma ƙirji ya ƙuntata har kin rasa ta cewa, ki riƙe ta Annabi Yunus a cikin kifi: "La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin". Ko da bakin ne kawai ke motsi, kada ki daina. Wanda ya tsaya a ƙofa yana ƙwanƙwasawa ba ɗaya yake da wanda ya juya ya tafi ba.

Abu Huzaifa: Jazakallahu khairan Malam. Ni dai har yanzu ina kan cewa mun yi sake da istigfari, kuma ta Annabi Yunus ɗin ma istigfari ce. Tambayata, waɗanda ruwa ya tafi da su ba a ga gawarsu ba, kamar dubban da suka ɓace a Derna, za mu iya yi musu sallar ga'ib daga inda muke?

Malam Isa: Malamai sun saɓa a nan. Asalinta sallar da Annabi (SAW) ya yi wa Najashi, sarkin Habasha, a Madina ranar da ya rasu. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauke ta hujja sun halatta. Malikiyya da Hanafiyya suna ganin wannan ya keɓanta da shi. Wasu kuma sun bi tsakiya, suka ce a yi wa wanda ba a sallace shi ba a inda ya rasu, kuma waɗanda teku ya tafi da su sun shiga wannan. Idan limaminku ya tsayar da ita ka bi shi, idan bai tsayar ba kada ka tayar da rigima a masallaci a kanta. Addu'a gare su a sujada da bayan sallama kuwa babu wanda ya yi saɓani a kai.